Jar Fitila Mai Hoton Buta

Zawaciki, Kano
19 ga Mayu

Yaya Ashafa,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau. Inna sun ji sauƙin ƙafar, har bakin titi suke zuwa da kansu sayen kayan miya. Ni kuma an mayar da ni aikin safe, ƙarfe shida nake shiga kamfani a Challawa in fito ƙarfe biyu, ina nan dai wajen zuba biskit a kwali.

Na kira lambarka har na gaji. Sai Auwalu direba ya ce inda kuke aikin hanyar nan bayan Tanut a Nijar babu sabis ko kaɗan, in rubuta kawai, zai riƙa kai maka duk sanda ya ɗauki kaya zuwa can.

Taraktar da ka saya ta iso. Ina wurin aiki mutanen shagon da ke Sharada suka kawo ta, da garma da haro. Ka ce ƙarama ce. To ƙaramar taka sai da aka cire ƙyaure ɗaya kafin ta shiga gida. Yanzu tana tsakar gida inda Inna suke shanya, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin hutawa. Sun bar makulli biyu da wani littafi mai kauri. Turanci ne, amma ba irin wanda na yi a sakandare ba. Shafi uku na karanta kaina ya ɗau zafi, na ajiye.

Baffa Sule sun zo sun gan ta. Suka zagaya ta sau biyu, suka bubbuga taya da sanda, ba su ce tana da kyau ba, ba su ce ba ta da shi ba. Da za su tafi suka ce in tuna maka: gonar Kaka shekara biyu ke nan ba a nome ta ba tun rasuwar Baba, gidaje sun kewaye ta ta gefe uku, su kuma suna da 'ya'ya masu neman wurin gini. Alkawarin da suka yi maka na daminar nan ne kawai. In ta wuce gona tana kwance, za su kira masu awo a raba, a yanka fuloti.

Na samo mai tuƙi. Bitrus ne, mijin Tabita da muke layi ɗaya a kamfani. Shi ke tuƙa motar ɗaga kaya a sito, kuma ya ce ya yi noma da tarakta a garinsu wajen Zonkwa kafin ya zo Kano. Zai riƙa zuwa ranar Lahadi in sun taso daga coci, da ranakun hutunsa.

Amma Yaya, ni ban san kanta ba ban san gindinta ba. Me ake zuba mata, a ina, yaushe? Ka rubuto mini dalla-dalla, da Hausa. Guminka na shekara shida ne a tsakar gidan nan, ina tsoron ya lalace a hannuna.

Inna suna sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Zaituna

*

Sansanin aiki, arewa da Tanut
27 ga Mayu

Zaituna,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗin labarin ƙafar Inna, ki ce su rage zirga-zirga dai. Ni lafiya ƙalau, sai zafi da yashi a cikin shinkafa.

Ki kwantar da hankalinki, tarakta ba ta da wuyar sha'ani in an san halinta. Ki ajiye takardar nan inda ba za ta ɓata ba.

Kullum da safe kafin aiki, a zaro sandar awon baƙin mai da ke gefen inji, a goge da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin zane biyun nan. A duba ruwan lagireto, amma kada a buɗe murfin in tana da zafi, yana ƙona fuska. Ragar da ke gabanta tana tara ciyawa da ƙaiƙayi, a share ta duk bayan aiki.

Gas kuwa, daga gidan mai za ki sayo, ban da na jarka a bakin titi. Ki bar shi ya kwana ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta. A cika tanki da yamma in an tashi aiki, tanki rabi yana tara raɓa. Akwai wani ɗan kofin gilashi a ƙarƙashin bututun gas, in kin ga ruwa ya kwanta a ƙasansa a zubar.

Sabuwa ce, kada Bitrus ya matsa mata. Ya bi ta a hankali, kuma kada ya ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya. In ta yi awa hamsin a yi mata juyen mai, a sauya filta. Giris duk sati. In an tsaya a sauke garma ƙasa, a zare makulli. Ban yarda a ɗauki kowa a gefe ba, ko Baffa ne.

Ki janye buhunan hatsi daga kusa da ita, ɓera yana cin waya. Kajin Inna ma a kore su. In ta huce a rufe ta da tamfol, a sa sarƙa a ƙofa.

Ga babba a cikinsu, ki karanta sau biyu. A gaban sitiyari akwai jar fitila mai hoton 'yar buta tana ɗiga. In ta kama, a kashe nan take. Kada a tayar da ita, ko wa ya ce, sai na gani da idona. Wannan fitilar tana nufin mai ba ya zagaya inji, minti biyu sun isa su kashe shi har abada.

Ruwan farko mai ƙarfi yana sauka ku shiga gona. Dawa za a shuka, da gero a tudun gabas. Ki gaishe da Baffa, ki ce musu bana za su ci tuwon gonar Kaka.

Yayanki,
Ashafa

*

Zawaciki
9 ga Yuni

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, sai dai ni kwana biyun nan abinci ba ya shiga.

An yi ruwa ranar Juma'a, ruwa sosai, har kwatar layinmu ta cika. Ranar Lahadi Bitrus ya zo da Tabita. Muka bi takardarka layi-layi, ina karantawa yana yi. Mai daidai, ruwa daidai, gas daga gidan mai, na tace da sabon ɗankwalina. Maƙwabta sun taru a ƙofar gida. Inna suka yi addu'a. Ya hau, ya kunna.

Yaya, fitilar ta kama. Ita dai, ja, mai butar.

Na ce ya kashe. Ya ce, "Zaituna, ba komai, haka suke yi. Bari a ci gaba, za ta mutu da kanta." Na ce Yaya ya rubuta ko wa ya ce. Ya ce shekararsa goma sha ɗaya yana tuƙi. Ban san sanda na miƙa hannu na murɗe makullin na zare ba, a gaban mutane. Ya sauko, ya wanke hannu, suka tafi. Jiya a layi Tabita ta amsa gaisuwata ba ta ɗago kai ba.

Da suka tafi na sake gwadawa ni kaɗai, ko ta huce. Ta sake kamawa. Shekaranjiya ma haka. Na rufe ta da tamfol.

Yanzu na rasa wanda zan bi. Kai ka ce kada a tayar, shi ya ce a ci gaba, kai kuma ka ce ruwa yana sauka mu shiga gona. Ta yaya za mu shiga gona ba a tayar ba?

Kuma batun awa hamsin ɗin nan. Daga yaushe ake ƙirgawa? In daga ranar da aka kawo ta ne, ai ta wuce tun tuni, ba mu yi juyen ba. Ko shi ya jawo? Akwai wani ɗan agogo a gabanta da ya tsaya a kan biyu da ɗigo huɗu, ba ya motsi. Ko shi ma ya lalace? Inna sun ce wataƙila baki ne, don jama'a sun yi yawa ranar, sun sa an yi mata turare. Ban hana ba, ban san abin da zan hana da wanda zan bari ba.

Kowa ya yi shuka. Baffa sun wuce ta gonar, suka aiko a tambaye ni ko motar tana azumi ne.

Ka amsa da wuri don Allah.

Zaituna

*

Sansanin aiki
24 ga Yuni

Zaituna,

Salamu alaikum. Sai yau takardarki ta zo hannuna, motar Auwalu ta lalace a hanya ya yi kwana goma sha biyu yana jiran kayan gyara. Ina fatan Inna suna lafiya. Ni ina gama karantawa na ajiye sifana na ɗauki biro.

Innalillahi. Sabuwar tarakta, ko gona ba ta taka ba. Kuma har sau uku! Wa ya ce ki sake gwadawa? Kin yi daidai da kika zare makullin. Mutumin da zai ga wannan fitilar ya ce a ci gaba, ban san irin tuƙin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana yi ba. Kada ya sake hawa.

Na juya maganar ta kowace fuska na kasa gane ta. Kin ce mai daidai yake a sanda. To in mai yana nan, me zai hana shi zagayawa? Ko famfon man ne ya zo da matsala daga can, ko an tsaya a gangare aka auna, ko kin duba wata sandar daban. Agogon da kika ce ba ya motsi ya ƙara rikita ni, don shi ne mai ƙirga awa, kuma dole ya motsa in inji yana aiki. Abu biyu su lalace lokaci ɗaya a sabuwar mota? Ban taɓa gani ba.

Ki amsa mini waɗannan. Minti nawa injin ya yi yana aiki kafin ki kashe? Kin ji ƙara kamar ana buga ƙarfe da guduma? Wane irin hayaƙi ya fito a salansa, fari ko baƙi ko shuɗi? Akwai mai a ƙasa inda take tsaye?

Na nemi izini wurin shugabanmu. Ya ce injuna uku suna kwance, in na wuce kwana uku zai ɗauki wani, akwai masu jira. Kwana uku ba za su kai ni Kano in buɗe inji in dawo ba. Na yi tunani, na ga gonar ta fi. A nan Baba ya koya mini riƙon fartanya, ba zan zauna a nan in ji an dasa mata siminti ba. Ranar takwas ga Yuli zan taso, in Allah ya yarda, ko da aiki ko babu. Kada ki gaya wa Inna batun aikin.

Kafin nan kada kowa ya taɓa ta.

Ashafa

*

Zawaciki
5 ga Yuli

Yaya Ashafa,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. KADA KA TASO. Na sa shi da manyan baƙaƙe don ko ba ka karanta sauran ba ka ga wannan. Na roƙi Auwalu ya tashi yau ko kayansa ba su cika ba.

Takardarka ta zo ranar Talata, rana ɗaya da masu awo. Na dawo daga aiki na tarar Baffa sun kai mutum biyu gonar, da igiya da wani abu mai ƙafa uku. Suka ce ba rabawa za a yi yau ba, dubawa ce kawai. Na tsaya a bakin gona da rigar kamfani a jikina, ciyawa har gwiwa, ina kallonsu.

Na koma gida na buɗe takardarka, sai na ƙara ruɗewa. Minti nawa injin ya yi yana aiki? Wane hayaƙi? Wace ƙara? Na karanta ya fi sau biyar. Yaya, wane inji? Ai bai taɓa tashi ba. Makulli kawai aka murɗa mataki ɗaya, fitila ta kama, na kashe. Ban taɓa jin muryar taraktar nan ba tun da aka kawo ta.

Sai na ga ashe ni da kai ba magana ɗaya muke yi ba. Ranar Laraba na roƙi wata ta riƙe mini layi, na hau adaidaita zuwa Sharada, da takardunka biyu a jaka. Na sami makanikin wurin da ka saya, wani dattijo, Malam Musbahu. Na ba shi ya karanta. Ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu, ya cire tabarau ya dube ni.

Ya ce, "'Yata, injin ya tashi ko bai tashi ba?"

Na ce bai tashi ba.

Ya ce, "Zo."

Ya kai ni wurin wata sabuwa irin tamu sak, ya ce in hau. Na ce ban iya ba. Ya ce hawa kawai. Ya ce in murɗa sau ɗaya. Fitilar ta kama, na ce ita ma ta lalace? Yaran shagon suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya tsawatar musu, ya ce in taka kuloci in ƙara murɗawa. Injin ya tashi, kujera tana rawa a ƙarƙashina, kafin in ƙirga uku fitilar ta mutu.

Ya ce kowace haka take, tana nuna maka ne tana da rai. Wadda ake tsoro ita ce in ta kama bayan inji ya tashi, ko ta ƙi mutuwa. Ya ce yayanki makaniki ne, abin ya zame masa jiki har ya manta ana faɗa. Agogon kuma lafiyarsa ƙalau, aikin inji yake ƙirgawa, ba kwana ba.

Daga nan ban wuce gida ba, gidan su Tabita na nufa. Na same su suna cin abinci. Na ce Bitrus, na kunyata ka a gaban mutane kana da gaskiya, ka yafe mini. Ya ce shi ma da ya yi mini bayani a hankali maimakon ya kawo shekarunsa. Tabita ta jawo kujera ta ce sai na ci. Ban nuna masa takardarka ta biyu ba, kuma ba zan nuna ba.

Ka ce kada kowa ya taɓa ta, kuma ka ce kada ya sake hawa. Na saɓa maka duka biyun. Ranar Alhamis Bitrus ya karɓi hutu, ni na yi musanya da mai aikin dare. Ni na tayar da ita da hannuna, shi ya fitar da ita. Inna suka biyo mu har bakin titi suna ta faɗin a yi a hankali.

Ciyawa ta yi ƙarfi, sai da ya bi sau biyu. Wajen la'asar ya sauko ya ce in ja layi ɗaya. Layina ya karkace kamar hanyar maciji, yana nan a gefen yamma, kowa ya zo sai ya tambaya. Baffa sun zo muna tsakiyar aiki. Suka tsaya a inuwar katangar maƙwabta har muka gama. Suka ɗebi ƙasar suka murza a hannu, suka ce lokacin dawa ya wuce, wake za a sa, kuma suna da iri mai kyau a gida. Batun awo sun ce a bar shi bana. Bana kawai suka ce, ban ƙara musu ba ban rage ba.

Jiya muka shuka. Agogo yana kan tara da ɗigo ɗaya. Na share raga, na cika tanki, na sauke garma.

Ka zauna a wurin aikinka.

Ƙanwarka,
Zaituna

*

Tashar mota, Damagaram
9 ga Yuli

Zaituna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya. A kan gwiwata nake rubutu, ki yi haƙuri da hannun.

Na riga na taso. Jiya na baro sansani da akwatin sifanu, na iso nan da hantsi. Ina neman motar Kano sai na ji ana ƙwala mini kira, ashe Auwalu ne ya tsaya shan shayi. Da ya wuce da minti goma da mun saɓa. A tsaye na karanta, na zo wajen Malam Musbahu sai na nemi benci.

Bayan inji ya tashi. Kalma huɗu. Sati biyu ina kwance injin nan a kaina, na sauya famfo, na sauya ƙarafa, har na tsara abin da zan faɗa wa mutanen Sharada, ashe ko tari bai yi ba. Ke kika ce an kunna, ni na ji an tayar. Wata guda na damina ya tafi a kan abin da na bari a cikin kaina ban sa a takarda ba. Laifina ne, ba naki ba.

Takardata ta biyu ki sa ta a murhu. Ki gaya wa Bitrus ina gaishe shi da girmamawa, in na zo da kaina zan je gidansa. Ki yi wa Baffa godiyar iri. Batun baɗi, Allah ya kai mu, ma zauna da su da wake a rumbu, ya fi zama da ciyawa a gona.

Na sayi filta da man juye don in yi aikin da hannuna. Ga su nan wurin Auwalu, in ya juyo zai kawo. In agogo ya kai hamsin ki kira Malam Musbahu, ki tsaya a kansa ki ga yadda ake yi. Na biyu ke za ki yi.

Nan akwai sabis, na ciro waya zan kira ki, sai na tuna kina layi, wayoyinku suna kulle a akwati sai ƙarfe biyu. Na kira Inna. Sun ce wake ya fara tsaga ƙasa, wai da sassafe suka je suka gani. Suka tambaye ni ina nake, na ce ina hanya. Ba su tambayi wace ba.

Daga nan zuwa gida yini ɗaya ne. Motar Kano tana gabana, na daɗe ina kallonta. Amma yau kwana ɗaya ke nan cikin ukun da aka ba ni, in na juya yanzu gobe da safe ina bakin aiki.

Motar arewa ta kusa cika, ɗan kamasho yana ta kiran saura mutum ɗaya. Bari in tashi, ni ne.

Yayanki,
Ashafa